Takalmin farautar elk a Duwatsun Roki: mai laushi, mai tauri, ko na tsakiya?

Namijin elk da ya ƙosa yakan kai kilo 320, macen kuwa wajen 230. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya ƙiyasta gwanki, ya ƙara masa jiki, ya ɗora masa ƙaho mai rassa. Idan maharbi ya kayar da shi a jihohin Amurka irin Kolorado ko Montana ko Aidaho, doka ba ta yarda ya cire ƙaho ya bar nama ya ruɓe ba. Cinyoyi biyu, karfata biyu da naman gadon baya dole su fito daga daji, in ba haka ba akwai tara, har da ƙwace lasisi. A dazuzzukan da aka keɓe a ƙarƙashin dokar kare daji ta Amurka ta 1964 kuwa, irin Flat Tops a Kolorado da Bob Marshall a Montana, ba a shiga da mota ko babur, ko keke da baro ma an hana. Ko dai doki da alfadari, ko bayanka. Tsokar babban namiji, bayan an zare ƙashi, takan haura kilo 90. Ke nan mutum ɗaya zai yi sawu uku ko huɗu, kowane sawu da kilo 30 zuwa 40 a goye, wani lokacin cikin dare da fitila a goshi.

Wannan sawun komowa shi ya kamata ya zaɓa maka takalmi. Mai saye yakan gwada takalmi a kanti, kan daɓe mai laushi, ba komai a bayansa, sai ya ɗauki wanda ya fi yi masa daɗi, wanda kusan kullum shi ne mafi laushi. Amma ƙafar da ta taka daɓen kanti ba ita ce za ta sauko gangare da cinyar elk a baya ba. Waccan ta kumbura, ta gaji, kuma nauyin da ke kanta ya ƙaru da kusan rabin nauyin mai ita.

Ƙasar ma ba ta da sauƙi. A watan Satumba, lokacin barbara, wanda shi ne lokacin masu kwari da baka, elk na Kolorado suna zama tsakanin mita 2,400 da 3,500 sama da teku. Da rana sukan shige cikin duhun itatuwa a ɓangaren dutse mai fuskantar arewa, inda ya fi sanyi da laima. A wurare da yawa ƙwaro ya kashe itatuwan, sun zube kan juna, sai mutum ya yi ta tsallake gungume bayan gungume. Abin da ya fi cin ƙafa ba hawa ba ne, ba kuma sauka ba. Ratsa gangare ne a karkace, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, awa biyu ko uku, gefen takalmi kaɗai ke riƙe da ƙasa. A nan ne takalma ke bambanta.

Idan aka yanka takalmin dutse biyu, za a ga abu uku ƙarƙashin ƙafa: robar da ke taka ƙasa, soson da ke samanta, da wani farantin nailan da ke kwance tun daga diddige zuwa wajen yatsu. Wannan farantin shi ne ƙashin bayan takalmi, kaurinsa ne ke sa a ce takalmi mai tauri ne ko mai laushi. Gwajinsa ba wuya. Riƙe baki da diddige ka lanƙwasa, sannan ka murɗa. Lanƙwasawar tana nuna yadda zai yi a hawa, murɗawar tana nuna yadda zai yi a karkace, kuma ta biyun ta fi muhimmanci ga mai farautar elk. Kamfanin Crispi na Italiya ya sa wa takalmansa lamba daga 1 zuwa 5 don a san taurinsu: Lapponia na ƙasa-ƙasa, Nevada na tsakiya, Briksdal na sama. Schnee's na garin Bozeman a Montana ma haka suke jera nasu, Timberline ya fi laushi, sai Beartooth, sai Granite.

Rukunin masu laushi ya haɗa da kambas ɗin gudun daji, da takalman yawo marasa nauyi irin Salomon Quest da Danner Pronghorn. Hujjar masu son su tana da ƙarfi, kada a raina ta. Binciken da sojojin Amurka suka yi a shekarun 1980 ya nuna nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na irinsa a baya. Kambas guda biyu ba su cika wuce gram 700 ba, Quest na wajen kilo 1.3, manyan takalman fata kuwa suna dab da kilo 2. A sararin da iska ta yi ƙaranci, ga mutumin da zai yi kilomita 15 a yini yana bin kukan namiji daga kwari zuwa kwari, wannan bambanci ba wasa ba ne. Ga shi ba sa buƙatar a horar da su, kuma mutum yana jin abin da yake takawa, yana iya ɗage ƙafa kafin kara ya karye.

Aibinsu yana fitowa ne a ƙarƙashin kaya. Takalmi mai laushi yana naɗewa a kan dutse maimakon ya tsaya a kansa, don haka ƙananan jijiyoyin tafin ƙafa da na idon sawu ne ke yin aikin da farantin ya kamata ya yi. Ƙafar da ta saba gudun dutse duk shekara za ta iya. Ƙafar da ke zaune a ofis a Hustan ko Minisota wata goma sha ɗaya ba za ta iya ba, za ta fara zogi a rana ta uku, kuma gajiyayyar ƙafa ita ce ke yin targaɗe. Sannan yadin da aka yi samansu da shi, da ɗinke-ɗinkensa masu yawa, tsakuwa mai kaifi na cinye su cikin kaka ɗaya ko biyu.

A ɗaya ƙarshen akwai irin Kenetrek Mountain Extreme, Lowa Tibet, Schnee's Granite da Crispi Briksdal. Kenetrek ɗin ya isa misali: tsayinsa santimita 25, fatarsa kauri milimita 2.8, farantin nailan ɗinsa milimita 7, an zagaye shi da ɗamarar roba don kare fatar daga kaifin dutse. Kamfanin na Bozeman ne, amma a Italiya ake ɗinka shi, kamar yawancin manyan takalman dutse, domin yankin Montebelluna da kewayensa ya daɗe da gadon wannan sana'a. Da irin wannan takalmi mutum na iya kafa gefen ƙafarsa a gangare, ko bakin yatsunsa a kan ɗan tudun da bai fi faɗin yatsa uku ba, takalmin ya tsaya cak ya ɗauke shi da kayansa. A hawa mai tsauri yana rage wa sharaɓa aiki. A tsakuwar da ke zamewa yana tono wa kansa matakala.

Amma ba kyauta yake yin haka ba. A hanya mai shimfiɗa yana da gajiyarwa, tunda ba ya bin lanƙwasar ƙafa. Kuma da yake tafinsa ba ya lanƙwasa, diddige ne ke son ɗagawa a ciki da kowane taku, wanda shi ne asalin bororon da ake yawan kuka da shi game da waɗannan takalma. In bai dace da siffar diddigenka ba, babu safa ko filastar da za ta gyara. Kenetrek da kansu suna cewa a yi tafiyar kusan kilomita 80 da shi kafin a shiga farauta. Masu farautar tumakin dutse da awakin dutse, waɗanda ke wuni a kan tsandaurin dutse sama da inda itace ke tsirowa, suna da dalilin jure wannan. Mai farautar elk, wanda rabin yininsa cikin itatuwa da ciyawa yake, sau da yawa ya sayi abin da ya fi ƙarfin buƙatarsa.

Akwai masu cewa takalmi mai tauri yana da ƙara, yana korar nama. Da gaskiya a ciki, amma an zuzuta ta. Elk dabba ce mai hayaniya, garkenta na karya rassa duk inda ya bi, kuma a lokacin barbara namiji kan ɗauki ƙarar taku a matsayin wani ɗan'uwansa. Hancinsa ne abin tsoro. Maharbin da ya bar iska ta kai warinsa ya rasa, ko da ƙafa tsirara yake tafe.

Na tsakiya su ne irin Crispi Nevada, Schnee's Beartooth, Hanwag Alaska da makamantansu daga Meindl da Zamberlan. Suna lanƙwasawa kaɗan a wajen yatsu, amma suna ƙin murɗewa. Tsayinsu galibi wajen santimita 20, ya rufe idon sawu ya ɗan haura. Ba su kai kambas sauƙi ba, ba su kai Granite tsayuwa a bakin dutse ba, kuma daidai wannan ne ya sa suka dace da farautar da ke haɗa hanya, fadama, gungume da gangare a yini guda. A ganina, mutumin da zai mallaki takalmi ɗaya tak, daga nan ya kamata ya fara nema.

Game da tsayi, kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Dogon wuya yana hana tsakuwa da ƙanƙara shiga, yana kare ƙwauri daga rassa, yana kuma tunasar da ƙafa in ta fara karkacewa. Amma abin da ke hana idon sawu juyewa ya fi zama tafin da ba ya murɗewa da kuma mazaunin diddige mai ƙarfi. Dogon takalmi mai tafi lagwai-lagwai kwalliya ce kawai.

Fata ko yadi? Fata guda wadda ba a yayyanka ba ta fi daɗewa, tana ɗaukar siffar ƙafa a hankali, kuma in an shafe ta da kaki tana kore ruwa da kanta. In ta jiƙe sosai kuwa tana nauyi, tana iya kwana biyu ba ta bushe ba a sanyin tanti. Yadin roba ya fi sauƙi, ya fi saurin bushewa, amma yadda ka same shi a kanti haka zai zauna, ba zai buɗe maka ba. Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa: wasu takalman yawo da fatar alade ake yin su, Merrell Moab na cikinsu, kuma kamfanin ya rubuta hakan a bayanin kayan, sai dai ba kowa ke karantawa ba. Manyan takalman da aka ambata galibi fatar shanu ce. Wanda kuma yake tunanin shafa a kan huffi da asubar da ruwa ke daskarewa, ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya sharaɗi ne ya zama fata, ɗinkakke, mai rufe idon sawu, an sa shi bayan cikakkiyar alwala. Ya tambayi malaminsa tun kafin tafiya, har da batun jinin fiɗa da ke taɓa takalmin.

Kusan duk waɗannan takalma suna da wata siririyar leda a ciki mai hana ruwa shiga amma tana barin tururin gumi ya fita. Mafi shahara ita ce Gore-Tex, wadda ta samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969, kuma Danner ne suka fara sa ta a takalmi a 1979. Kenetrek suna amfani da tasu mai suna Windtex. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai yadda ake gardama a kansa ba. Dukkansu suna tsagewa wata rana a daidai inda takalmin ke lanƙwasa, kuma takalmi mai laushi ya fi saurin kaiwa can don ya fi lanƙwasawa. Dukkansu kuma ba su da dabara in ruwa ya shigo ta sama, sai ma su riƙe shi. Yawancin jiƙewar ƙafa a Satumba daga raɓar doguwar ciyawa take, ta jiƙa wando, ta gangara cikin safa, mutum ya yi ta zargin takalmi. Maganinta rigar ƙwauri ce, wadda ake ɗaurawa daga ƙasan gwiwa ta rufe bakin takalmi. Kuɗinta kaɗan ne in an kwatanta da aikinta.

Batun ɗumi shi ne inda wanda ya taso a ƙasar zafi ya fi saurin ruɗuwa, don jin sunan dusar ƙanƙara kaɗai kan sa shi neman mafi kauri. Ana auna abin ɗumin, galibi Thinsulate na kamfanin 3M, da gram 200, 400, 800 ko 1,000, kuma wannan nauyin murabba'in mita ɗaya ne na kayan, ba abin da ke cikin takalmin ba. A Satumba gari kan waye ƙasa da sifili, azahar ta haura digiri 20. Mai tafiya da gram 400 a irin wannan rana zai yi gumi, safa ta jiƙe, fata ta yi laushi ta yi bororo, in ya zauna da yamma kuma gumin ya huce ya sa shi sanyin da yake gudu. Don haka na Satumba da farkon Oktoba, marar abin ɗumi, a daidaita da kaurin safa. Na lokacin bindiga daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, gram 200 zuwa 400 sun isa ga mai yawo. Gram 800 zuwa sama na mai zama ne wuri ɗaya yana dako, ko mai wuni a kan doki. Irin waɗannan ma sau da yawa sun fi jin daɗin takalmin nan mai ƙasan roba da saman fata da rigar ciki ta ulu da ake cirewa a shanya, irin wanda Schnee's suka yi suna da shi. Yana da ɗumi ƙwarai, amma a gangare ƙafa na yawo a cikinsa, kuma a tabbata bakinsa na shiga likkafa yana fita ba tare da maƙalewa ba.

Robar ƙasa ba ta buƙatar dogon zance. Vitale Bramani ya fito da Vibram a 1937, bayan abokan hawansa shida sun mutu a tsaunukan Alps a 1935, kuma har yau ita ce a ƙarƙashin yawancin takalman nan. Roba mai laushi ta fi kama jiƙaƙƙen dutse, mai tauri ta fi daɗewa. Abin nema shi ne haƙora masu zurfi da tazara don kada laka ta cike su, da diddige mai kaifin baki wanda ke taka birki a sauka. Jiƙaƙƙen gungumen da ɓawonsa ya zube kuwa, babu robar da ke kama shi. A tsallake shi, kada a taka.

Soson tsakiya ya fi cancantar a tsaya a kansa. Iri biyu ne. EVA ba shi da nauyi, yana da daɗi, amma yana lotsawa da amfani. PU ya fi nauyi da juriya, shi ne a yawancin manyan takalma, sai dai yana da wata cuta: laimar iska tana cin sa a hankali ko da ba a sa takalmin, har ma ajiyayye ya fi saurin lalacewa. Takalmi na iya shekara bakwai ko takwas a kwali, fatarsa na sheƙi, a rana ta farko a dutse tafin ya ruguje ya rabu. Mai sayen gwanjo ya kula da wannan. Ya danna soson da farce, in ya ga yana marmashewa ko yana danƙo, ya ajiye komai arhar sa.

Duk abin da aka faɗa a sama, dacewa da ƙafa ta fi shi. Kowane kamfani yana da ƙirar ƙafar da yake ɗinki a kanta. Na Italiya irin La Sportiva da Scarpa sun fi zama matsattsu, na Jamus irin Meindl da Hanwag sun fi sakewa a gaba, kuma da yawa suna fitar da samfuri mai faɗi. Wanda ya girma cikin silifas da buɗaɗɗen takalmi yakan zo da faɗin gaba da yatsu a baje, don haka ya nemi mai faɗin tun farko, kada ya ƙara lamba don neman faɗi, domin ƙarin tsawo shi ke sa diddige zamewa. A yi gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta kumbura, da safar da za a yi farauta da ita, ta ulun merino ba ta auduga ba, don auduga na riƙe gumi. A ciro shimfiɗar ciki a tsaya a kanta: tsakanin dogon yatsa da bakinta ya zama akwai kamar santimita 1 zuwa 1.5. Sannan a ɗaure igiya sosai a sauko matakala ko gangaren gwaji da ke kantin. In yatsu suka taɓa gaba ko kaɗan, da kilo 35 a baya farce zai yi baƙi ya fita. A hawa kuma diddige kada ya ɗaga fiye da ɗan motsi. Shimfiɗar da kamfani ke sakawa galibi siririya ce, musanya ta da irin Superfeet kan gyara zaman diddige, amma a yi gwajin da ita a ciki, don tana cin wuri.

Kuɗi: masu laushi suna tsakanin dala 150 da 280, na tsakiya da masu tauri daga wajen 400 zuwa sama da 500. Araha ba ta ado, amma lissafin ya danganta da yawan zuwa. Babban takalmin fata ana iya canza masa tafi in ya cinye, ya ƙara shekaru, muddin ana wanke shi ana shafa masa kaki. Kada a shafa masa kitse ko mai, suna sa fata ta saki, gam ɗin ɗamarar roba ya ɓamɓare. Kada kuma a kanga shi a wuta don ya bushe, zafi na narkar da gam ya ƙanƙance fata. A cire shimfiɗa, a cusa takarda ko busasshen tsumma, a bar shi. Wanda zai je sau ɗaya a rayuwarsa tare da jagora mai dawakai ba ya buƙatar wannan jari duka.

To wa zai sayi me? Mai kwari da baka a Satumba, wanda ƙafarsa ta saba dutse, yake kwana kusa da mota kuma yana da abokan raba kaya, mai laushi ko ƙasan na tsakiya ya ishe shi. Mai goya tantinsa ya shiga kilomita 8 ko 10 cikin daji shi kaɗai, ko mai jiki da nauyi, ko wanda ya taɓa targaɗe, ko mai nufin kwazazzaban tsakiyar Aidaho inda gangare ba ya ƙarewa, ya hau zuwa mai tauri. Sauran jama'a, waɗanda su ne mafi yawa, fata mai matsakaicin tauri, santimita 20, marar abin ɗumi, da rigar ƙwauri da safa kauri biyu. Wannan zai kai mutum daga farkon Satumba har ƙanƙarar farko ta Oktoba. In takalma biyu suka yi kunnen doki a kanti, a ɗauki wanda ya fi riƙe diddige, ko da sunansa bai kai na ɗayan ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai farautar Satumba ya sayi takalminsa a Mayu ko Yuni. Yawancin kantuna suna karɓar takalmi ne kawai in bai taka waje ba, don haka makon farko a cikin gida za a sa shi, ana hawa da saukar bene da jakar goyo mai kilo 15 zuwa 20. In wani wuri ya fara zafi a diddige ko gefen ƙaramin yatsa kuma sauya ɗaurin igiya bai kawar da shi ba, a mayar a gwada ƙirar wani kamfani. In ya wuce wannan, sai a fita da shi kan tudu mafi tsauri da ke kusa, a riƙa ratsa shi a karkace ta dama da ta hagu, ana ƙara nauyin jakar mako-mako har ya kai abin da ake sa ran ɗaukowa.